Kunnen Hagu da Tebur na Uku

Gummi, ranar Laraba, ƙarfe goma da minti ashirin na safe.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, kin tarar da Kawunki Sa'idu da iyalinsa kalau. Allah ya tsare ki a hanyar Anka, ya tsare ki a hanyar Gusau, ya kau da idon mugu daga motar da kika shiga da duk wanda ke cikinta.

Minti ashirin da biyar ke nan da kika fita zuwa wurin tela karɓo ɗinkinki. Babanki yana makaranta. Ina zaune a bayan ɗaki, gindin lemun tsami, domin nan ne kaɗai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ba ta iske ni da ƙarfi. Gobe Alhamis ƙarfe bakwai motarki za ta tashi. Zan cusa takardar a ƙarƙashin zannuwanki, don kada ki gan ta sai kin isa. Ke ce ɗiyata ta fari, sunan kakarki kike ɗauke da shi, shekara ashirin da uku bakina bai taɓa furta shi ba. Wadda ba ta iya kiran sunanki, ta yaya za ta dubi idonki ta faɗi abin da ke cikin nan?

Aikin da za ki fara ranar Litinin, a ɗora miki hedfon a kai ki wuni kina amsa kiran mutane, shi ne aikin da na yi shekara huɗu a nan Gummi. Ke da kowa a gidan nan kun san na bar shi ne don in ƙarasa digirina. Ba haka ba ne. Ki karanta a hankali.

Kin san ofishin, na kamfanin nan mai sayen shinkafa a hannun manoman fadama. Mu shida ne a ɗakin waya, muna kiran manoma muna gaya musu ranar awo da ranar rabon iri. Teburina na uku. Na huɗu na Rabi ne, 'yar Nasarawa Burkullu, wadda na girma da shekara goma. Wayarmu ni da ita akwatin na'ura guda take bi. Hedfon ɗin na kunne ɗaya ne. Ni ina sa nawa a hagu don in riƙa jin ɗakin da dama, ita tana sa nata a dama.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan. Alhamis ce, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Ina magana da wani tsoho a kan buhunansa sai aka ɗauke wuta, aka tada janareto. A daidai lokacin da wutar ta dawo cikin akwatin, wata ƙara ta shigo mini kunne. Siririya ce, mai tsini, kamar an soka mini tsinke mai zafi har ƙeya. Ba ta fi ƙiftawar ido biyu ba. Na ji kunnen ya toshe kamar na nutse a gulbi, muƙamuƙina ya riƙe, ɗakin ya ɗan juya.

Rabi ta yi kururuwa, ta yi jifa da nata hedfon ɗin, ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe da kai. Ni kuwa na gyara zama, na mayar da abin kunnen dama, na ƙarasa wa tsohon maganar buhunansa.

Shugaban ɗakin, Malam Nasiru, ya shigo da gudu. A zauren kakanki ya yi karatun allo, ni na sha kai musu tuwo. Ya ce a ɗaga Rabi a ba ta ruwa. Ta ce, "Ni ba ni tashi nan sai an rubuta. Ku ɗauko littahin, ku rubuta lokaci, ku rubuta tebur, ku rubuta lambar wanga abu." Sai da aka ɗauko littafin rahoton haɗari daga ƙasan kabad, aka kaɗe shi, aka rubuta, ta karanta, sannan ta tashi.

Ya juyo wurina da biro a hannu. "Yaya Saratu, ke fa? Mi yas same ki?"

Na ce, "Ba komi, Malam. Alhamdu lillahi."

"Kin tabbata? Akwatinku guda."

Na ce na tabbata. Ya rubuta cewa mai tebur na uku ta ce babu abin da ya same ta, ya miƙo mini, na sa hannu. Da hannuna na dama, sunana cikakke. Har na dubi Rabi na ce, "Ke kam akwai raki. Haihuwa huɗu na yi ba a ji muryata ba." Ɗakin ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa na yi haka. A gidanmu aka koya mana cewa ɗiyar malam ba ta kuka a gaban mutane, kuma wanda ya ci tuwon gidanku ba ka ɗora masa laifi a rubuce. Na ga kamar in na ce an ji mini ciwo, Malam Nasiru na kai ƙara. Na kuma ji daɗi a ce ni ce mai dauriya, Rabi ce ragguwa. Wannan daɗin ya yi mini kwana biyu.

To, ki ji. Duk ranar da ƙara irin wannan ta shigo miki, ki cire abin nan take, ko da wa kike magana. Kada ki mayar da shi ɗaya kunnen. Ki dubi agogo. Ki tashi ki ce a rubuta, ki tsaya a rubuta, ki karanta kafin ki sa hannu, ki ɗauki hoton shafin da wayarki. In an tambaye ki yaya kike, wannan ba gaisuwar safe ba ce da ake amsawa da lafiya lau. Ki faɗi zafin, ki faɗi toshewar, ki faɗi jirin. In ba ki ji komai ba tukuna, ki ce a rubuta cewa ƙarar ta same ki, domin nawa ciwon sai washegari ya nuna kansa sosai. Godiya ga Allah daban, shaida daban. Allah bai ce ki ɓoye gaskiya don ki nuna kin gode masa ba.

Ranar Juma'a na tashi da wani sauti a kunnen hagu, kamar gyare ya shiga ya ƙi fita. Yana nan har yanzu da nake rubutun nan. Faɗuwar murfin tukunya ta koma mini kamar mari. Na gaya wa Goggo Asabe, ta ce, "Wagga ai ba cuta ba ta, wani na ka ambatonki." Da ambaton ya kai mako bai ƙare ba, ta narka man shanu tana ɗiga mini safe da yamma. Ban ga laifinta ba, abin da ta sani ta yi. Ni da na yi makaranta nake kwantawa ina miƙa mata kunne. Kwana ashirin da shida na yi kafin in je asibiti. Likitan ya tambaye ni yaushe abin ya faru, na gaya masa, ya ajiye biro ya dube ni kawai.

Daga baya na karanta dokar diyyar ma'aikata da kaina, ba sau ɗaya ba. Ta ba ma'aikaci kwana goma sha huɗu ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki. Ta ba shi shekara ɗaya ya shigar da neman diyya, sai in akwai uzuri na musamman, a nan ana iya dubawa har shekara uku. Ki nemi dokar ki karanta da idonki, kada ki dogara da ni, kada ki dogara da kowa a ofis. Ni na yi kwanakina goma sha huɗu ina kwance a tabarmar Goggo. Kada ki ɗiga komai a kunne. Ki je wurin likita a ranar, ko washegari, ki ce a rubuta cewa a wurin aiki ne, ki karɓi takarda. Kuma ki sani, gwajin ji yana iya fitowa kusan daidai alhali ciwon yana nan. Nawa ya nuna raguwa kaɗan ce a sautuka masu tsini, amma ƙarar cokali tana sa ni hawaye. Tun kafin ki fara aiki ki roƙi a gwada jinki, ki riƙe kwafi. In sun ƙi, ki je ki yi da kanki. Ni ba ni da abin da zai nuna yadda kunnena yake kafin ranar nan, sai bakina.

A mako na biyu aka kwashe hedfon ɗin ɗakin duka aka kawo sababbi, aka canza akwatin. Na miƙa nawa da hannu biyu har ina godiya. Ban san lambarsa ba. Ke ki rubuta lambar naki ranar farko. Ki tambaya ko akwai abin da ke tare ƙara mai ƙarfi a layin, ki rubuta sunan wanda ya amsa miki da abin da ya ce. Ki rage murya iyakar yadda za ki iya ji.

Wata uku na ƙara ina daurewa. Duk lokacin da na ɗora abin a kai sai tafin hannuna ya jiƙe, ina jiran ƙarar ta dawo. Na fara yanke wa manoma magana don in cire shi da wuri. Daga ƙarshe na rubuta takardar barin aiki. Kin san abin da na rubuta? Wai ina son in mai da hankali ga karatuna. Kunya ta hana ni rubuta kalmar kunne bayan abin da na ce wa Rabi a gaban mutane. Don haka yau kamfanin yana riƙe da takarda biyu masu sa hannuna, ɗaya ta ce babu abin da ya same ni, ɗaya ta ce karatu ya fitar da ni. Kawunki Ɗanjuma ya yi shekaru a bakin injin niƙa dutse a Abare, yanzu sai an yi masa ihu yake juyowa, shi ba shi da littafi, ba shi da ofishin da zai je. Ni ina da su, na ture da ƙafata. Kada ki taɓa rubuta dalilin ƙarya don ya yi kyau a ido. Takarda ba ta san kara ba.

Yanzu ga abin da ya fi mini wuya.

An kai Rabi asibiti a Sakkwato a motar kamfani. An biya mata magani, an ba ta hutu, an biya ta diyya, sannan aka ɗauke ta daga waya aka mayar da ita rabon iri a garinsu, kusa da Innarta. Duk wanda ya zo ya ba ni labarinta sai in shiga lissafi. Ƙara ɗaya, akwati ɗaya, minti ɗaya. Ita da ta yi birgima a ƙasa ta samu, ni da na yi haƙuri na tashi da gyare a kunne. Na riƙa cewa a raina ai ƙarya take, ciwonta bai kai nawa ba. Da na ji ta sayi keken ɗinki, kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Sau biyu ta zo gidan nan kafin ta koma garinsu. Ke kika buɗe mata ƙofa a na biyun, na ce ki ce ina barci. Ta bar saƙo cewa in ina son shaida tana nan. Na ce Allah ya kiyaye in roƙi ragguwa. Lokacin shekara ɗayar ba ta cika ba. Ƙyashi ne ya cinye mini shekarar, ba kamfani ba.

Ki kiyayi wannan. Wanda ya yi kuka a wurin aiki kada ki yi masa dariya, wataƙila shi ne kaɗai mai hankali a ɗakin. Wanda kuma ya sami haƙƙinsa bai ɗauki naki ba.

Da ƙyashin ya tsaya a kan Rabi da da sauƙi. Bana muka gama digiri ni da ke, ke kina da ashirin da uku, ni arba'in da huɗu. Mutane suka yi ta zuwa barka, ke ana ce miki sai aiki, ni ana ce mini sannu da ƙoƙari. Da tallar aikin Kaduna ta fito, ana neman mai Hausa da Turanci, in da Fulatanci ya fi, tare muka cike, mota ɗaya muka shiga zuwa Gusau wurin gwaji. Kin tuna kin ce, "Inna, in suka ɗauke mu duka, wa za ya dafa ma Baba tuwo?" Na yi dariya, amma a raina na riga na ɗauka ni za a ɗauka. Shekara huɗu na yi a kan waya. Fulatancinki bai wuce jam da useko ba, ni kuwa da shi na tashi a bakin rugar maƙwabtanmu. Aka ɗora mini hedfon, aka ce za a turo kira na gwaji. Ɗan sautin nan da ke zuwa kafin kira ya shigo, ƙarami, wanda yaro ba zai firgita da shi ba, sai ga hedfon ɗin a ƙasa, ni na jefar. Na fito na ce miki tambayoyin ne suka yi wuya. Ke kika fito kina murmushi, kina gyara ɗankwali a kan kunnuwanki biyu lafiyayyu. Allah ya gani, a motar dawowa kunnuwan nan na yi ta kallo.

Mako uku da suka wuce, ranar Litinin, ƙarfe biyu da minti biyar, suka kira. Wayarki tana wurin gyara, lambata kika ba su ta biyu. Matar ta ce an ɗauke ki, ki tabbatar musu kafin ƙarfe sha biyun ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wani. Na ce to, zan gaya miki. Ban gaya miki ranar ba. Ban gaya miki Talata ba, ban gaya miki Laraba ba. Na ce wa kaina kunnenki nake karewa. Akwai wannan a ciki, ban musa ba, amma na auna shi sau da yawa, bai kai rabi ba. Ranar Alhamis da yamma na zauna ina kallonki kina wanke-wanke. Kowane kwano sai kin kai shi ƙasa a hankali kin ajiye da hannu biyu, don kada ya yi ƙara ya dame ni. Shekara biyu kina haka, ban taɓa roƙonki ba. Sai na ce, "Ke, yanzu aka kira daga Kaduna." Kika yi tsalle kika rungume ni. Ba yanzu ba ne, Ummi. Kwana uku ne da awa huɗu. Saura kaɗan in yi miki abin da na yi wa kaina.

Ranar Asabar da ta wuce, da na ce muku zan je gaisuwa Bukkuyum, Nasarawa Burkullu na je. Mota ta sauke ni, na hau mashin a hanyar nan ta ƙasa, na toshe kunne da auduga. Na tarar da Rabi a tsakar gida tana sheƙar dawa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "A'a! Mai dauriya ta, yau an tashi daga barcin?"

Na ce, "Rabi, ki yi mini duk abin da kika ga dama, na cancanta."

Ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Zamna nan, ta hagu gare ni, in ba haka ba mu kwan muna mi kika ce, mi kika ce." Muka yi ta juye-juye har muka sami zaman da kunnuwanmu masu kyau suka fuskanci juna. Ta ce, "Kin gani, Anti, ni da ke in an haɗa mutum guda muke."

Ashe nata gyaren ma bai fita ba. Keken ɗinkin da na yi wa baƙin ciki yana ɗaki an rufe shi da zane, ba ta iya jure ƙararsa, ƙanwarta ke amfani da shi in ta fita. Ta shiga ta ɗauko wani ƙaramin littafi. A shafin ranar ta rubuta lokaci, lambar hedfon ɗinta, sannan a ƙasa: tebur na uku ma ya same ta, na ga ta riƙe muƙamuƙi, ta canza kunne, lambar nata kaza. Ta leƙa ta kwafe lambar nawa a ranar da nake yi mata dariya. Ta ce za ta sa hannu a duk inda ake so, za ta je duk inda aka kira ta. Na yi kuka a gabanta, irin wanda ya kamata in yi tun a ofis.

Saura wata takwas shekara ukun ta cika. Ranar Litinin, ranar da za ki fara aiki, ni ma zan tafi Gusau, ofishin hukumar diyyar ma'aikata, da takarduna da hoton shafin Rabi.

A cikin jakarki, tare da takardar nan, akwai sabon littafi mai bango kore. Na ja miki layi a shafin farko: rana, lokaci, tebur, lambar hedfon, wanda ke kusa da ke. Ki cike shi kullum, ko ba abin da ya faru. Ki san sunan wadda ke tebur na kusa da naki, ki riƙa gaishe ta da kyau.

Ki gaida Kawunki Sa'idu da Anti Hauwa da yara. Ki riƙe salla a kan lokaci. Allah ya tsare jinki da ganinki, ya tsare fitarki da shigarki, ya haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa. Allah ya ba ki abin da bai ba ni ba, ya kuma wanke zuciyata har in iya ganinsa a hannunki in yi murna tsantsa. Amin.

Innarki,
Saratu

Ga abin da ban sani ba har zuwa wannan lokaci, ƙarfe sha biyu saura kwata:

Ban sani ba ko hukumar za ta karɓi kunya a matsayin uzuri na musamman.

Ban sani ba ko littafin rahoton haɗarin yana nan, ko Malam Nasiru zai faɗi cewa sau biyu ya tambaye ni domin ya ga fuskata ta canza.

Ban san abin da ya lalace a cikin akwatin ba, ba a taɓa gaya mana ba.

Ban sani ba ko sautin nan zai bar kunnena kafin in bar duniya. Likita ya ce wasu yana barinsu, bai ce ni ba.

Ban sani ba ko layinku na Kaduna yana da abin tare ƙara.

Ban sani ba ko da kin ajiye kwanon nan da ƙarfi ranar Alhamis, da na buɗe baki kafin Juma'a.

Ban sani ba ko za ki kira ni bayan kin karanta. In za ki kira, ki bari sai bayan la'asar, lokacin an kashe injin maƙwabta. Zan sa wayar a kunnen dama.